Ginin Makarantu da Ɗakunan Reno: Rabon Kamfani da Rabon Gari

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

 Maganar da zan yi muku yau a kan ginin makarantu ce, da ɗakunan renon ƙananan yara, waɗanda kamfanonin gine-gine kan karɓi kwangilarsu a ƙasashenku.

Kun riga kun san yadda abin kan gudana. Sai a wayi gari a ga motoci sun zubar da yashi da tsakuwa a gefen gari, an kafa allo, an kawo leburori. Bayan 'yan watanni a yi bikin buɗewa, kamfani ya kwashe kayansa ya yi gaba. Daga ran nan ginin ya koma hannunku. In ya yi kyau, 'ya'yan talakawanku za su more shi. In ya tsage, a kansu zai faɗi. Kamfani baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Makaranta ta gari ce, sabo da haka bai kamata Hakimi ya jira sai ranar buɗewa kana ya san da ita ba.

Inda kuɗin ke fitowa

Da farko ya kamata mu san masu kuɗin aikin, gama wanda bai san mai aiki ba, ba zai san inda zai kai kuka ba. A shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin Ilmin Bai-ɗaya a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa ko wane yaro karatun shekara tara kyauta, watau shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta kuma sa renon yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba a cikin shirin. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Tarayya, hukumar UBEC ke riƙe da shi. Jiha ba ta samun rabonta na gini sai ta ajiye nata daidai da shi. In an haɗa, Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, wadda a ke kira SUBEB, ita ke ba da kwangila.

Akwai wasu hanyoyi ban da wannan. A 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin shirin ilmin 'yan mata da a ke kira AGILE, a jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, aka shigar da wasu jihohi. A cikin wannan shiri an ba 'yan kwangila ginin sababbin makarantu, an kuma ba kwamitocin makarantu kuɗi a hannunsu domin gyaran tsofaffi. Har wa yau akwai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Akwai kuma kamfanin da ya zo yin hanya ko gada, ya ga ya kamata ya gina wa garin aji biyu ko uku kyauta domin kyautata zama da jama'a. Ko daga ina kuɗin ya fito, aikinku ɗaya ne.

Abin da baya ta koya mana

A watan Satumba na 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a ƙasar nan. Yaran da suka zo sun zarce lissafin da aka yi, aka shiga gini cikin gaggawa, aka ba da kwangila har ga waɗanda ba su taɓa aza bulo ba. Wasu azuzuwan ba a gama su ba, wasu kuwa ba su daɗe ba suka lalace.

A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar Tsangaya ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato. An gina irinta fiye da 150, akasari a Arewa. Gine-gine ne masu kyau, amma ba a yi shekaru da yawa ba aka tarar da dama daga cikinsu babu almajirai, ciyawa ta cinye fili, rufi ya yaye. Gini ya samu, mai kula da shi ne bai samu ba.

Ku gwada wannan da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, amma ya haura shekara 100 yana tsaye, har ya zama gidan tarihi, domin ya sami masu kula da shi. Ashe daɗewar gini ba ga siminti kaɗai ta ke ba.

Kafin a sari ƙasa

Abu na farko fili ne, nan kuwa babu wanda ya fi ku sani. Injiniya na iya auna ƙasa, amma bai san inda ruwa ke kwanciya cikin Agusta ba, bai san tsohon kududdufin da aka cike da shara ba, bai san burtali ba, bai san tsohuwar maƙabarta ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ku tara dagatai da masu unguwanni da dattawa ku zaɓi tudu mai ƙasa mai ƙarfi, nesa da babbar hanya da bakin kasuwa.

A da an saba kai makaranta can bayan gari, inda fili ya ke da yalwa. Abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangeɓe a Fabrairu 2021, da Kuriga a Maris 2024, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai masu yawa, ya isa ya sa a sake tunani. Makaranta ta kasance inda idon gari ke kai wa gare ta, a kuma nemi a sa katanga da ƙofa cikin kwangilar tun farko.

Bisa ga Dokar Filaye ta 1978, ƙasar Jiha amana ce a hannun Gwamna, filayen karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke ba da iznin mallakarsu na gargajiya. In an karɓi gonar mutum domin amfanin jama'a, yana da hakkin diyyar abin da ke kanta, kamar shuka da gini da itatuwan amfani. To, nan aikin magatakarda ya ke. Ya rubuta sunan mai gona, in gado ce ya rubuta magada duka, har da mata da waɗanda ba sa gari. Ya ƙidaya ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, ya rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa. In kyauta aka ba da filin, a rubuta haka, a sa hannu gaban shaidu, a ajiye takarda ɗaya a ofishin Hakimi, ɗaya wurin Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma. Mai kyauta zai mutu, jikansa zai taso, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar da kamfani ya iso

Kada a sauke kaya sai wakilin kamfani ya zo gabanku tare da jami'in hukumar da ta ba da aikin. Ku tambaye su cikin mutunci: aji nawa za a gina, da ofis ko babu, masai nawa, da rijiya ko babu, da kujeru ko babu, yaushe za a gama, wane ne injiniyan da zai duba aikin a madadin Gwamnati. Magatakarda ya rubuta amsoshin, sa'an nan a karanta wa jama'a. In mutane sun san aji shida aka biya, da wuya a gina musu huɗu a tafi.

In kyauta ce kamfani zai gina, ku yi godiya, amma ku haɗa shi da Sakataren Ilmi kafin a soma. Kamfani ba ya turo malamai, ba ya kuma biyan albashi. Ajin da hukuma ba ta san da shi ba, ƙarshensa ya zama makwancin awaki.

Ku sani kuma ko wace makarantar Gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wanda ya ƙunshi shugaban makaranta, da wakilin sarauta, da iyaye, da mata, da malaman addini, da masu sana'a. Inda ya mutu ku farfaɗo da shi, ku sa Sarkin Magina ko wani amintaccen birkila da kafinta a ciki. Su ne idanunku a wurin aiki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwan dubawa lokacin gini

Ba a ce Hakimi ya zama injiniya ba, amma akwai abubuwan da ko wane mai hankali zai iya gani.

Na ɗaya, harsashi. A haƙa shi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. Inda a ke da baƙar laka mai darewa da rani, ku gaya wa injiniya tun da wuri, gama irin wannan ƙasa takan kumbura da damina ta tsaga bango.

Na biyu, yashi da siminti. A zuba yashi cikin kwalba da ruwa a girgiza a bar shi ya kwanta. In laka mai kauri ta hau kansa, bai dace da gini ba. Buhun siminti kilo 50 ne, wanda kuwa ya sha danshi ya dunƙule ya riga ya mutu.

Na uku, bulo. Wanda ke marmashewa in an murza shi da yatsa, an rage masa siminti. Ba a buga bulo yau a aza shi gobe. Sai an yi kamar mako guda ana ba shi ruwa.

Na huɗu, kankare. Haɗin da aka fi sani na ginshiƙi da kan taga shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yana bukatar ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, balle cikin zafin bazara, ba a kuma lissafa cikar ƙarfinsa sai ya kwana 28. Rodin da ke cikinsa kuwa a gan shi kafin a zuba, domin bayan an zuba babu mai sake ganinsa.

Na biyar, rufi. Iskar farkon damina, wadda kan taso mana daga gabas, ita ke yaye rufin makarantu ko wace shekara. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin ginin sosai, a shafa masa maganin gara, a duba kaurin kwano ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Na shida, fuskar gini. In tagogi sun dubi kudu da arewa, iska za ta ratsa, rana ba za ta shiga idon yara safe da yamma ba. Ƙyaure ya riƙa buɗewa ta waje, domin yara su iya fita da sauri in wani abu ya taso. A yi gangare a bakin ƙofa sabo da guragu, gama dokar kare hakkin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta wajabta wannan a gine-ginen jama'a.

Na bakwai, masai da ruwa. Na maza dabam, na mata dabam, ƙofofinsu kada su dubi juna. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna a makarantar da babu wurin kewayawa ba. Tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30.

Kada ku ɗauki waɗannan abubuwa ƙanana ne. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene mai makaranta a cikinsa ya rushe a Ita Faji cikin Legas, mutum 20 suka rasu. Ran 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji cikin Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Waɗannan ba makarantun Gwamnati ba ne, amma bulo bai san mai makaranta ba.

In kun ga ɓarna, ba ku da ikon korar ɗan kwangila, kada kuma ku bar samari su tare hanya ko su taɓa kayansa. Ku rubuta takarda, da kwanan wata, da abin da aka gani, da sunan wanda ya gani, a haɗa da hoto in da hali. Ku aika wa Sakataren Ilmi da hukumar da ta ba da aikin, ku kuma sanar da Majalisar Sarki. Maganar baki iska ce, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Ɗakin renon yara

Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2013, ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, abin da mutanenmu ke kira rabin aji. Ta ce a nan malami ɗaya ga yara 25, a wurin renon jarirai mai reno ɗaya ga 10, a firamare kuwa malami ɗaya ga 35. Da wannan lissafi Hakimi zai iya gane ko ɗakunan da za a gina sun isa yaran garin.

Ɗakin reno ba ƙaramin aji ba ne kawai. Ya kasance a ƙasa, kusa da ƙofar shiga, da daɓe mai kyau wanda za a shimfiɗa tabarma a kansa, da tagogi masu ƙarfe, da inuwa a waje. Ramin masansa ya zama ƙarami, mai murfi, domin kada ƙafar yaro ta zurma. A rufe randa da bakin rijiya, a nisanta shi da murhu. Yaro ƙarami kome ya samu baki ya ke kai wa, sabo da haka a lura da ƙasar da za a cike filin wasa da ita. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Inda a ke haƙar ma'adinai, kada a ɗebo ciko daga wurin.

A kan wannan ɗaki lalle a nemi shawarar mata, gama ba sa zuwa fada, alhali kuwa su suka san yaran. Ku aika musu ta hannun shugabanninsu da ungozomomi, a ji lokacin da ya fi musu sauƙin kawo yara da ɗaukarsu, da wadda suka yarda ta riƙe musu 'ya'ya. Amfanin ɗakin reno bai tsaya ga ƙananan ba. Yarinya nawa aka hana zuwa aji domin tana goyon ƙanenta? In ƙane ya sami wurin zama, yayarsa ta sami karatu.

Zaman kamfani da mutanen gari

Kamfanin kirki ba gini kaɗai ya ke bari ba. Ku roƙe shi ya ɗauki leburori da masu gadi da 'yan ga-ruwa daga garin, ku kuwa ku raba wannan rabo bisa adalci tsakanin unguwanni, kada ya tsaya ga dangin masu sarauta. A rubuta lada da ranar biya. A haɗa samari biyu ko uku da birkila da kafinta su koyi aiki, domin su ne za su yi gyara bayan kamfani ya tafi. Kada a yarda a sa yaran makaranta ɗaukar bulo. Kafin a tashi, a biya leburori da mata masu abinci bashinsu, a gyara hanyar da manyan motoci suka ɓata, a cike ramukan da aka haƙa, gama da damina sukan cika da ruwa su ci yara. In an haƙa rijiyar burtsatse domin aikin, a nemi a bar wa makaranta ita.

Gari ma yana da nasa nauyi. Baƙo amana ne. Kada a saci simintinsa, kada a tsawwala masa kuɗin yashi, kada wasu su ce sai an ba su wani abu kafin mota ta sauke kaya. Duk abin da aka tatsa daga ɗan kwangila, a jikin bango zai fanshe shi.

Akwai kuma wata magana wadda, ranku ya daɗe, sai ku yi mini gafara in faɗe ta. Ɗan kwangila zai zo gaisuwa, ba kuwa zai zo hannu sake ba. Wani zai ce zai gyara zauren Hakimi, wani zai saƙa wa magatakarda wani abu a aljihu. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Wanda ya karɓi buhu goma ba zai iya tambayar ina ɗari suka shiga ba. In kamfani na son yin alheri, ku nuna masa makarantar: ga benci, ga allo, ga itatuwan shukawa.

Karɓar gini da abin da ke bayansa

Ranar miƙa aiki ku zaga ɗaki ɗaki tare da kwamiti, da littafin magatakarda a hannu. A buɗe ko wace taga, a gwada ko wane kwaɗo, a buga famfo a ga ruwa. Kada ku sa hannu a kan takardar da ta ce an gama alhali da saura. Bisa ga al'ada hukuma takan riƙe wani kashi na kuɗin ɗan kwangila har wasu watanni, domin in aibi ya bayyana ya dawo ya gyara da kuɗinsa. Ku tambayi ranar da wannan wa'adi zai cika, ku rubuta ta, ku kai rahoton ko wace tsaga da ko wane yoyo kafin ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan haka sai riƙo. A kafa alamun iyaka, a shuka darbejiya kewaye, a hana noma da gini cikin filin. Kada aji ya zama rumbun ajiye amfanin gona. Kafin ko wace damina a hau rufi a duba ƙusoshi. Kwano ɗaya in aka maida shi yau, ya tsare ashirin gobe. Abu mafi girma kuwa shi ne a cika azuzuwan da yara, maza da mata, gama ginin da babu yara a cikinsa kango ne ko da fentinsa bai bushe ba.

Talakawa ba za su tuna sunan kamfani ba bayan shekara goma, amma za su tuna a zamanin wane Hakimi aka yi makarantar. Allah ya taimake ku bisa riƙon amanar jama'a, ya ja zamanin Sarki, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.